Yadda Ake Ƙirga Zuplankton da Auna Nauyinsu: Daga Tekun Barents Zuwa Madatsar Dadin Kowa

Tun da aka fara rabon batutuwan furojet, tambaya ɗaya ke ta dawo mini daga ɗaliban nazarin halittu da na kiwon kifi a Gombe da Kashere da Bauchi: "Malam, an ba ni aiki a kan zuplankton. Duk takardun da na samu a intanet a kan tekunan arewacin duniya masu sanyi aka yi su, da manyan jiragen bincike. Ni da zan shiga kwale-kwale a Dadin Kowa, ta ina zan fara?" Wasu masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ma sun yi irin wannan tambaya, don suna so su san ko tafkin da suke renon 'ya'yan kifi yana da abinci. Ga amsar a jere, mataki bayan mataki.

Zuplankton ƙananan dabbobi ne masu shawagi cikin ruwa. Suna cin ƙananan tsirran da ke sa ruwa ya yi kore, kifi kuma yana cin su. Abu biyu ake aunawa a kansu, kuma tilas ka raba su a ranka tun yanzu: yawa, wato guda nawa ne a cikin wani adadi na ruwa, da nauyi, wato giram nawa jikinsu ya kai idan an tara. Ƙwayar gero dubu ta fi doya ɗaya yawa, amma ba ta kai ta nauyi ba. A Tekun Barents, da ke arewacin Norwe da Rasha, wata 'yar halitta mai suna Oithona similis da ba ta kai milimita 1 ba tana cikin waɗanda suka fi yawa, amma mafi yawan nauyin yana jikin dangin Calanus: Calanus finmarchicus mai tsawon milimita 2 zuwa 4, da Calanus glacialis da Calanus hyperboreus da suka fi shi girma. Wanda ya ƙirga kawai ya ga rabin labari. Haka abin yake a ruwanmu tsakanin rotifa, ƙananan zuplankton masu kama da ƙura, da Moina wadda ta fi su girma.

1. Tsayar da wurare da lokaci kafin ka sayi komai

Zaɓi wurare uku zuwa biyar da suka bambanta da juna. A Dadin Kowa, misali: wajen da Kogin Gongola ke shigowa, tsakiyar ruwa, kusa da bangon madatsa gwargwadon inda aka yarda ka kai, da wani lungu mai ciyawa kusa da gaɓa. Ɗauki lambar kowane wuri da GPS ɗin wayarka, ka riƙa komawa daidai nan kowane zuwa. A kowane wuri ja raga sau uku, kowane ja da kwalbarsa. Waɗannan halittu ba a baje suke daidai ba, taro-taro suke yi, don haka ja ɗaya yana iya faɗawa cikin taro ko ya kuskure shi.

Batun lokaci shi ne inda kwaikwayon masu binciken tekunan arewacin duniya ke kai ɗalibi ya baro. Cibiyar Binciken Teku ta Norwe da ke Bergen da takwararta ta Rasha da ke Murmansk suna yin babban zagayensu na Tekun Barents sau ɗaya a shekara, wajen Agusta zuwa Satumba, kuma hakan yana ba su abin kwatantawa, saboda rayuwar Calanus a hankali take tafiya. Calanus finmarchicus yakan ɗauki shekara guda a can kafin ya kammala zagayen rayuwarsa, Calanus hyperboreus kuma shekara biyu ko fiye. A ƙarshen bazararsu sukan tara mai a jiki, su nutse can ƙasa, a Tekun Norwe har zurfin mita 500 zuwa sama da 1,000, su kwanta har sanyi ya wuce. A ruwanmu mai ɗumi kuwa, Moina tana girma ta haihu cikin ƙasa da mako guda. Abin da ka gani yau yana iya ninkawa ko ya ɓace kafin sati biyu. Don haka ka riƙa zuwa duk bayan mako biyu idan aljihu zai ɗauka, in ba hali, wata-wata. Ka tabbata aikin ya ratsa damina da rani. Wanda ya yi wata uku na hunturu kawai, to ya rubuta cewa aikin hunturu ya yi, kada ya ce na shekara ne.

Gargaɗi: ka tsayar da awa ɗaya ta ɗiba, misali tsakanin ƙarfe 8 da 11 na safe, kada ka sauya. Da yawansu suna yin ƙasa da rana su hau sama da dare. Samfurin safe da na bayan magariba ba sa kwatantuwa.

2. Zaɓen raga

A nan mafi yawan furojet ke lalacewa tun ba a taɓa ruwa ba.

Ragar da aka fi amfani da ita a tekunan arewa ita ce WP2, wadda UNESCO ta fitar da ƙa'idarta a 1968. Faɗin bakinta santimita 57 ne, wato murabba'in mita 0.25, idonta kuma, wato girman ramukan yadinta, maikiromita 200 (maikiromita 1,000 ne milimita 1), ko da yake Norwe na amfani da 180. An yi ta ne don kama irin su Calanus. Idan ka kawo wannan ido Dadin Kowa ko Gubi ko Balanga, kusan duk rotifa za su zurare, haka ma jariran kofifod, wato rukunin da Calanus da Oithona ke ciki, sai ka dawo ka rubuta cewa madatsar ba ta da arziki, alhali ragarka ce ta zubar da shi. Ko a teku ma an san WP2 tana zubar da kaso mai yawa na Oithona.

A ruwan daɗi ka nemi ido na maikiromita 50 zuwa 64, da baki mai faɗin santimita 25 zuwa 30. Tsawon ragar ya kai ninki uku na faɗin bakinta ko fiye, domin gajeriyar raga tana tura ruwa gaba maimakon ta tace shi. A ƙarshenta akwai ɗan kofi mai murɗawa inda halittun ke taruwa.

Idan sashenku yana da raga, karɓi aronta, amma ka ɗaga ta a rana ka duba ta kaf. Huda ɗaya da ba ta kai kan ashana ba ta isa ta ɓata aikin wata shida. Ka tambayi mai kula da ɗakin gwaji girman idon, ya nuna maka a rubuce. In babu rubutu, sa gefen yadin a ƙarƙashin madubin likita ka auna da kanka. Idan saye za ka yi, abin da ya fi sauƙin kuɗi shi ne ka sayi yadin nailan na tacewa mai lambar ido daga masu sayar da kayan ɗakin gwaji, mai walda ya lanƙwasa maka zobe da rodi mara kauri, tela ya ɗinka maka ita kamar mazurari, ɗinki biyu, da yadi mai kauri a bakin zoben. Sai ka bi layin ɗinkin da gam don toshe ramukan allura.

Gargaɗi: gidan sauro, mayafi, ko yadin tace kamu ba za su yi ba. Ba wanda ya san girman idonsu, kuma yana buɗewa idan ruwa ya ja shi. Lamba ba ta da daraja idan ba a san da wane ido aka kamo ta ba.

3. Sauran kaya da inda kuɗi ke tafiya

Kana bukatar igiya mara miƙewa da ka yi wa alama a kowane rabin mita, dalma ko ƙarfe mai nauyin kilo 1 zuwa 2 da za a ɗaura a ƙasan raga, kwalaben roba masu faɗin baki na mililita 120 zuwa 250, gorar feshi don wanke raga, fomalin (sinadarin hana samfur ruɓewa) da garin boraks, safar hannu, fensir da farar takarda mai kauri, kula da ƙanƙara, ma'aunin zafi, da faifan Secchi na auna yadda ruwa yake garai. Faifan nan kana iya yin sa da kanka: murfi mai faɗin santimita 20, a raba shi huɗu a shafa fenti fari da baƙi.

Farashi yana sauyawa kowane wata, don haka ka zagaya ka tambaya kafin ka rubuta kasafi. Abin da zan iya faɗa maka shi ne tsarin kashe kuɗin. Raga da kwalabe sau ɗaya ake saye. Abin da ke cin ɗalibi shi ne kuɗin mota da hayar kwale-kwale, domin kowane zuwa sai an biya. Ku haɗu ku uku ko huɗu masu aiki a ruwa ɗaya, mai zuplankton da mai ingancin ruwa da mai kifi, ku ɗauki jirgi ɗaya ku raba kuɗin. Ku yi ciniki da mai jirgin na dukan zangon tun farko. Na'urar auna ruwan da ya ratsa raga tana da tsada, ba kowane sashe ke da ita ba, kuma za ka iya yin aiki mai kyau ba tare da ita ba idan ka kiyaye mataki na 5.

4. Izini da lafiyarka

Karɓi takarda daga sashenku zuwa hukumar da ke kula da madatsar. Daga nan ka je ka gai da sarkin ruwa, ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Wannan gaisuwa ba ɓata lokaci ba ce: shi zai haɗa ka da masuncin da ya san inda ruwa ke da zurfi, inda kututture ke ɓoye, da inda dorina ke kwana, domin akwai su a yankin Dadin Kowa. Sa rigar ceto ko da ka iya iyo. Kada ka tsaya cikin ruwan gaɓa ba takalmin roba, saboda tsargiya. Idan hadari ya haɗo, a koma bakin gaɓa, samfur ya jira.

5. Jan raga

Da kun isa wuri, a saki anga ko a kafa gora, jirgi ya tsaya cik. Fara auna zurfi da igiya mai nauyi. Rubuta awa, zafin ruwa, da zurfin da faifan Secchi ya ɓace wa ido. Duk wannan kafin raga ta taɓa ruwa.

Sai ka saki ragar a hankali har ta kai kimanin mita 1 sama da ƙasan ruwa. Ka tuna tsawon ragar da nauyin da ke ƙarƙashinta suna cikin lissafi. Idan kofin ya taɓa laka, zubar, wanke, sake ja. Samfur mai laka ba ya ƙirguwa, nauyinsa kuma na ƙasa ne.

Jawo ta sama hannu bayan hannu, ba tsayawa, ba fizga, kimanin rabin mita a kowace daƙiƙa. Wannan shi ne saurin da ake jan WP2 a Tekun Barents da injin naɗe waya, kuma ya dace da mu. Mita 6 ke nan cikin daƙiƙa 12. Sa abokin tafiyarka ya riƙa ƙirga maka da ƙarfi. In ka yi sauri, ruwa zai taru a bakin raga ya kauce gefe. In ka yi sanyin jiki, kofifod masu ƙarfin iyo za su tsere.

Da ta fito, riƙe ta a tsaye, ka fesa mata ruwa daga waje, daga sama zuwa ƙasa, har duk abin da ya manne ya gangara cikin kofi. Daga waje nake cewa, domin idan ka zuba ruwan madatsa ta ciki ka ƙara halittun da ba sa cikin lissafinka. A daidai nan ka ɗaga kofin a rana ka duba. Za ka ga 'yan ɗige-ɗige suna motsi: masu tsalle da fizga su ne kofifod, masu ɗan tsalle-tsalle a wuri ɗaya da ɗigon baƙin ido su ne irin su Moina da Diaphanosoma, ƙurar da ke juyawa a hankali kuma galibi rotifa ce. Wani lokaci za ka ga wata tsutsa garai-garai mai kusan santimita 1, sai ta motsa kake ganin ta. Ita ce Chaoborus, mai cin sauran. Wannan dubawa ta minti ɗaya tana gaya maka ko jan ya yi kyau.

Yanzu lissafin da komai ya rataya a kansa, wato ruwa nawa ka tace. Faɗin filin bakin raga sau tsawon da ka ja. Raga mai baki santimita 30, rabinsa mita 0.15 ne. Sai ka yi 3.142 sau 0.15 sau 0.15, ya ba ka murabba'in mita 0.0707. Ka ja mita 6, ka tace kubik mita 0.424, wato lita 424. Rubuta tsawon jan a littafi nan take, a cikin jirgin. Samfurin da ba a san ruwan da ya fito daga ciki ba, sunayen halittu kawai zai ba ka, ba zai ba ka yawa ko nauyi ba.

Gargaɗi na farko: wannan lissafi yana ɗauka cewa duk ruwan da ke gaban raga ya ratsa ta. Da damina, lokacin da Gongola ke kawo jan ruwa, ko lokacin da ruwa ya yi kore shar, ido mai maikiromita 55 yana toshewa cikin 'yan mitoci. Alamarsa ita ce ragar ta yi nauyi, ruwa kuma ya daɗe bai tsiyaye ba bayan ta fito. In ka ga haka, gajarta jan, ka yi mita 2 ko 3 sau da yawa kana wankewa a tsakani, ka rubuta abin da ka yi.

Gargaɗi na biyu: idan iska ta ja jirgi igiya ta karkace sosai, ba jan tsaye ka yi ba. Gyara anga, ƙara nauyi, sake.

Gargaɗi na uku: jan raga a bayan jirgi yana tafiya, "na minti biyar", shi ne abin da na fi gani a furojet, kuma shi ne mafi rauni. Ba ka san nisan da kuka yi ba, balle ruwan da ka tace. A wuri mara zurfi ko tafkin kifi, gara ka ɗebi ruwa da bokiti mai lita 10 sau goma daga wurare daban-daban, ka zuba ta cikin raga. Lita 100 ke nan da ka tabbatar da ita. Ka dai sani cewa manyan kofifod suna guje wa bokiti, sai ka ambaci hakan a rubutunka.

6. Raba samfur da adana shi

Wannan dabara ita ce mafi amfani da za mu ara daga masu binciken Norwe. Da raga ta fito sukan raba samfurin gida biyu daidai. Rabi ɗaya a sa masa fomalin don ƙirga da tantance iri, ɗaya rabin kuma a busar da shi ɗanye don nauyi. Dalili shi ne fomalin yana zuƙe wani ɓangare na jikin halitta, musamman mai, sai nauyin ya ragu. Su suna da akwatin rabawa na musamman. Kai kana iya cika samfurin ya kai mililita 200 daidai, ka juya shi sosai, ka zuba rabi da sauri kafin su kwanta. Hanyar da ta fi wannan tabbas ita ce ka yi ja biyu a jere a wuri ɗaya, ɗaya na ƙirga, ɗaya na nauyi.

Na ƙirga: fara zuba ɗan ruwan soda mara zaƙi, ka jira minti biyu zuwa uku. Iskar da ke cikinsa tana sumar da su, sai su mutu ba tare da sun murɗe ko sun zubar da ƙwai ba. Sannan ka zuba fomalin. Wanda ake sayarwa yana da ƙarfin kashi 37 zuwa 40 cikin ɗari. Kashi ɗaya nasa cikin kashi tara na samfur zai ba ka kimanin kashi 4, wanda shi ake bukata: mililita 10 a kan mililita 90. Ka riga ka narka boraks a cikin fomalin ɗin tun a gida don kashe tsaminsa. Ƙara sukari kimanin giram 40 a kowace lita ta samfurin da aka sa wa fomalin yana hana ɓawon Moina da 'yan uwanta kumbura. In ba fomalin, sinadarin etanol mai ƙarfin kashi 70 zai yi, sai dai yana tashi idan murfi bai kama ba.

Na nauyi: ba a sa masa komai. Cikin kula mai ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji a ranar.

Rubuta wuri, rana, awa, tsawon ja da girman ido da fensir a 'yar takarda, ka jefa cikin kwalbar, sannan ka sake rubutawa a jikinta. Rubutun maka yana gogewa da zarar fomalin ya taɓa shi.

Gargaɗi: fomalin guba ne, yana ƙona ido da huhu, kuma yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Sa safar hannu, ka buɗe shi inda iska ke kaɗawa. Kada ka zuba shi a gorar ruwan sha ko ta lemo, kada ka ajiye shi a ɗakin kwana ko inda yara ke kaiwa. Ko ɗigo kada ya koma cikin madatsa. Ruwan Gubi shi mutanen Bauchi ke sha, Dadin Kowa kuma shi ke shayar da Gombe.

7. Ƙirga

Bar kwalbar ta kwana, halittun su kwanta. Tsiyaye ruwan sama ta cikin ɗan yankin yadin ragarka, ka mayar da abin da ya tsaya, ka daidaita samfurin ya zama mililita 100 cif. Juya shi a hankali ta kowane ɓangare, kada ka kaɗa shi zagaye ɗaya domin masu nauyi za su taru a tsakiya. Nan take ka zuƙi mililita 1 da bututu mai faɗin baki, ka zuba a gilashin ƙirga na Sedgwick-Rafter, wanda ke ɗaukar mililita 1 daidai. Jira minti biyu, ka bi shi layi-layi a ƙarƙashin madubin likita, da ƙarin girma sau 40, ka koma sau 100 idan za ka tantance rotifa.

Yi haka aƙalla sau uku a kowace kwalba, ka ci gaba har irin da ya fi yawa ya kai guda 100. Ga dalilin lambar: idan ka ƙirga 100, kuskurenka yana wajen kashi 20 cikin ɗari sama ko ƙasa. Idan ka kai 400, ya sauko wajen kashi 10. Wanda ya ƙirga guda 9 ya ninka su da dubbai, zato ya rubuta. Manya da ba su da yawa, irin su Chaoborus, a juye dukan kwalbar a faranti a ƙirga su gaba ɗaya.

Don tantance suna, nemi littafin Jeje da Fernando na 1986 a kan zuplankton na Nijeriya, wanda cibiyar binciken Tafkin Kainji ta buga. Abin da za ka fi haɗuwa da shi: Brachionus da Keratella da Filinia cikin rotifa, Moina da Diaphanosoma da Ceriodaphnia da Bosmina cikin masu ɓawo biyu, Thermocyclops da Mesocyclops cikin kofifod. Jariran kofifod a ba su layinsu daban. Idan ba ka tabbatar da iri ba, tsaya a sunan dangi. Hakan ya fi mutunci a gaban masu jarrabawa fiye da sunan da ka ɗauko daga hoton wata halittar Turai. In ka ga ka rubuta Calanus a samfurin Dadin Kowa, koma ka sake dubawa, domin dabbar ruwan gishiri ce.

A ce ka samu matsakaicin Brachionus 85 a kowace mililita. Sau 100, guda 8,500 ke nan a kwalbar. Raba da lita 424, ka samu kimanin 20 a kowace lita, ko 20,000 a kubik mita. In rabin samfur ka ƙirga, ninka da biyu kafin ka raba. Mantuwa da wannan ninki kuskure ne da ke yawan faruwa.

8. Auna nauyi

A jiragen Norwe ana zuba rabin samfurin ta rariya uku a jere, mai ido maikiromita 2,000 da 1,000 da 180, a zuba kowane kaso a farantin alminiyam da aka riga aka auna, a busar a zafin da bai wuce digiri 60 zuwa 65 ba na awa 24 ko fiye. Manya irin su kiril, masu kama da ƙananan jatan lande, ana ware su a auna daban. Da wannan hanya suka gano cewa a shekarun da ƙaramin kifin nan kafelin ya yi yawa a Tekun Barents nauyin zuplankton yakan faɗi, idan kifin ya ragu kuma ya farfaɗo.

Kai ma bi wannan tsari, da rariyar da ta dace da ruwanka. Yanka yadin nailan gida biyu, ɗaya mai ido wajen 200, ɗaya irin na ragarka. Busar da takardun tacewa ko 'yan farantan alminiyam a oban tukuna, ka sa musu lamba, ka auna kowanne. Tace samfurin, ka cire ciyawa da ɓawon ƙwari da hantsaki a ƙarƙashin madubi, ka ɗauraye da tataccen ruwa. Sa a oban a digiri 60 na awa 24. Fitar, sa cikin tukunyar hana danshi mai silika ya huce, sannan ka auna. Mayar da shi na wasu awanni ka sake aunawa har nauyin ya daina sauka.

Gargaɗi: kada ka ƙara wuta don ka gama da wuri. Zafi mai yawa yana kore mai daga jikinsu. A Calanus na tekun Aktik mai yana iya wuce rabin busasshen nauyi, namu ba su kai haka ba, amma asarar tana nan. Ka tambayi yadda wutar ɗakin gwajin take kafin ka fara, domin samfurin da wuta ta ɗauke masa a tsakiya yana iya ruɓewa. Shanya a rana ba ta maye gurbin oban, ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta ninka nauyin. Sikelin kuma ya zama mai karanta miligiram 0.1. Ka sa faranti biyu da ba komai a kansu su bi duk matakan, su nuna maka ko danshi ko ƙura sun shiga.

A ce rabin samfur ya ba ka miligiram 12. Duka 24 ke nan. Raba da 0.424, ka samu kimanin miligiram 57 a kubik mita.

Ga wata matsala da ta fi damun mu fiye da mutanen teku. Ido mai maikiromita 55 yana kama laka da koren tsirrai tare da dabbobin. Idan akwai tanderun ƙonawa, ƙona busasshen samfurin a digiri 500 na awa 4, ka cire nauyin tokar daga na farko, wannan ya fitar da laka. Amma bai fitar da tsirrai ba. Idan samfurinka kore ne, ka bar auna kai tsaye ga kason da ya tsaya a rariyar 200. Ga ƙananan, auna tsawon guda 20 zuwa 30 na kowane iri da ma'aunin cikin madubi, ka yi amfani da lissafin tsawo da nauyi da Dumont da abokan aikinsa suka wallafa a 1975, ka ninka da yawan da ka ƙirga. Ya fi wahala, amma a ruwa mai laka irin namu ni shi na fi yarda da shi.

9. Rubutawa da kwatantawa

Masu binciken tekunan arewa sukan ba da nauyi a kan murabba'in mita na saman ruwa, wato duk abin da ke ƙarƙashin wannan fili daga sama har ƙasa. A Tekun Barents matsakaicin busasshen nauyi yakan faɗa tsakanin giram 5 da 10 a murabba'in mita. Don ka mayar da naka irin wannan, ninka na kubik mita da zurfin jan: 57 sau 6, kimanin miligiram 340, wato giram 0.34. Kafin ka yanke hukunci cewa ruwanka matalauci ne, tuna cewa su ruwan da suke ja yana kai mita 200 ko fiye, kai kuma mita 6. Idan ka raba nasu da zurfinsa za ka ga tazarar ta rufe. Ƙari a kan haka, nasu tari ne na shekara guda, naka kuwa yana sabunta kansa sau da yawa cikin wata.

Wanda aka ba shi batun tekunan arewa kai tsaye, na semina ko nazarin bayanai, zai samu lambobi kyauta a rumbun COPEPOD na hukumar NOAA ta Amurka da rumbun OBIS. Kafin ka haɗa lambobi biyu a jadawali ɗaya, duba abu huɗu: girman idon raga, zurfin ja, watan da aka ɗiba, da irin nauyin, ɗanye ne ko busasshe ko na kabon. Busasshen nauyin kofifod yana wajen kashi ɗaya cikin biyar na ɗanyensa, don haka haɗa su ba tare da juyawa ba yana kawo kuskure ninki biyar.

A babin hanyoyin aikinka, ka rubuta faɗin bakin raga, girman ido, tsawon kowane ja, awar ɗiba, yawan maimaici, mililita nawa ka ƙirga, da zafin oban da awanninsa. Yawa da nauyi kowanne da jadawalinsa, kowace lamba da ma'auninta a gefe. Kwalaben kuma kada ka zubar bayan difens. Ɗaure murafen da salatif, ka miƙa wa mai kula da ɗakin gwaji tare da kwafin littafin filinka, domin ɗalibin baɗi ya ja raga a wuraren nan guda ya kwatanta da naka.